An ce maganin ya warkar da ɓeraye: shin Baba zai iya ajiye allurarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma yana kan allurar insulin. Wani mai tallan magani ya nuna mana takardar bincike, wai ruwan wani ganye ya sauke sugan ɓeraye, har Baba ya fara maganar ajiye allurar. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shin binciken ɓeraye abin dogaro ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, kada Baba ya ajiye allurar nan ko ta yini ɗaya sai da izinin likitan da ke duba shi.

Binciken ɓeraye ilimi ne na gaskiya, domin ta hanyarsa aka gano abubuwa da dama game da ƙiba da suga da zuciya. Abin da ya ishe ni shi ne yadda kullum ake mayar da "an gwada a kan ɓeraye" ya zama "yana warkar da mutane". A yawancin irin takardun da ake yawo da su, ƙananan ɓeraye masu ƙoshin lafiya ake ɗauka a yi musu allurar guba, streptozotocin ko alloxan, wadda ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin cikin 'yan kwanaki. Ina haɗin wannan da ciwon dattijon da ya shekara da shekaru yana taɓa masa ƙoda da idanu da jijiyoyin jini? Mai talla ba zai faɗa miki wannan ba, wataƙila ma bai karanta takardar ba.

A 1949 aka gano wani ɓera a cibiyar bincike ta Jackson da ke Amurka, mai ci ba ƙoshi har nauyinsa ya kai kusan ninki uku na 'yan uwansa. A 1994 wani masanin kimiyya, Jeffrey Friedman, da abokan aikinsa suka gano sinadarin da irin wannan ɓera ya rasa, wato leptin, mai rage sha'awar cin abinci, kuma da aka yi wa ɓerayen allurarsa sai suka rame. Duniya ta ɗauka an gama da ƙiba. Da aka zo kan mutane sai aka tarar yawancin masu ƙiba suna da leptin fiye da kima, allurarsa ba ta yi wa masu ƙiba aikin kirki ba sai 'yan tsirarun da aka haifa babu shi. In haka ta faru da binciken da ya girgiza duniya, ina ga takardar da ake bugawa a jikin kwalba?

Zuciyar ɓera ma ta bambanta da ta mutum: ta ƙaramin ɓera tana bugawa sau 500 zuwa 600 a minti, kuma kitse ba ya toshe masa jijiya da sauƙi, sai da masu bincike suka cire masa wata ƙwayar gado mai suna ApoE a 1992 sannan aka samu irin da kitse ke toshe wa jijiya da sauƙi.

Ki tambayi mai maganin ko an gwada shi a kan mutane, su nawa, kuma tsawon wane lokaci. In Baba ya riga ya fara sha, ki kai wa likitansa kwalbar, domin haɗa shi da insulin na iya zubar da suga har mutum ya suma.