Amsa: Gashin ido ya faɗa min a ido, ya zan yi?

Sannu ƴar uwa, Allah ya sawwaƙe. Dan Allah ki daina murza idon nan, murzar ce ke sa ya karce baƙin idon. Ki wanke hannu da sabulu, ki cika tafinki da ruwa mai tsafta ki sa idon ciki kina ƙiftawa, in bai fita ba ki kamo fatar sama ki jawo ta kan ta ƙasa ki sake, hawaye zai turo shi gefen hanci sai ki ɗauke da gefen hankici mai danshi. Kar ki yarda a sa miki harshe ko a ɗiga ruwan nono, ciwo kawai za a ƙara miki. Amma in ya kwana yana suka ko kina gani dishi-dishi, wallahi asibitin ido za ki tafi da sassafe.