Ajiye sukuduraiban nan tukuna, yaro

Ka ce injinka na yankan kwalin da ake zagaye hoto da shi a cikin firam yana ba ka wahala: a wata kusurwa reza ta zarce, a wata ba ta kai ba, farkon yanka kuma yana lanƙwashewa kamar ƙugiya. Har ka ƙara da cewa, "Maigida, ina ga injin ne ya gaji, ko in kwance shi in sake ɗaurawa?" Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na zauna ba ka amsa. Da tambayar farko ce kawai, da cewa zan yi ka sauya reza ka ƙyale ni in huta.

Kada ka kwance komai. Halinku ke nan yaran yanzu, da abu ya ƙi sai hannu ya tafi ga sukuduraiba, ko a zaro waya a nemi bidiyon minti biyu. Babu mai haƙurin ɗaga kwalin da ya ɓata ya duba bakinsa a haske, alhali amsar tana nan a jikin yankan. Na haura shekara 30 ina haɗa firam, injinan Logan da Fletcher da Keencut duk sun bi ta hannuna, kuma sau nawa na ga inji ya gaji da gaske? Ban cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ƙugiyar nan da kake gani a farkon yanka, rezarka ce ta fito da yawa. Kwali mai falle huɗu kaurinsa wajen milimita ɗaya da rabi ne. Abin da ake so, tsinin reza ya ratsa shi, ya ɗan karci kwalin shimfiɗa da ke ƙasa, kamar sulusin kaurinsa, shi ke nan. Rezar siririya ce ƙwarai, kuma a jirge take shiga. In ta yi tsawo sai ta tanƙware lokacin da ka dasa ta, ba za ta dawo kan layi ba sai ta yi tafiyar inci ɗaya ko biyu. Ka rage ta, amma sai bayan na gan ta gobe. Ka kuma daina caka ta kamar mai sukar abokin gaba, a hankali ake sauke ta. Shimfiɗar ma ka duba. In ta cika da tsofaffin tsagogi, tsinin zai faɗa cikin ɗaya ya bi shi duk inda ya nufa. Bayan kowane yanka a ɗan gusa ta, in ta tsufa a jefar. Sannan ka kama kan da ke riƙe rezar ka jijjiga shi a kan sandarsa. In yana lilo, akwai ƴan sukurun matse shi, su kaɗai na yarda ka taɓa, su ma kaɗan-kaɗan har lilon ya tafi amma yana zamewa sumul.

Zancen kusurwa kuwa, ka fara saita zurfin reza kafin ka taɓa makaran tsayawa, wato abubuwan da ke ƙayyade inda yanka zai fara da inda zai tsaya, domin duk sanda zurfi ko kaurin kwali ya sauya, wurin da tsini ke ɓullowa a fuska ya sauya. Wanda ya saita makari sannan ya taɓa zurfi ya yi aikin banza. In kusurwa ba ta fita ba, kada ka fizge tsakiyar, ka ɗauki reza a hannu ka kwantar da ita daidai karkatar bakin ka ƙarasa. Yadda ake lissafin faɗin gefe, da cewa ta baya ake yanka, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai san wannan ba tsintsiya ya kamata a ba shi.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne ya fi damuna, kuma shi ne ya taɓa cin dukiyata.

Ina cikin ganiyata lokacin, hannuna ya faɗa, mutane sun fara sanina. Wani mutum ya kawo hotuna 36 da za a rataya a wani babban zaure, ya ce kwali biyu-biyu yake so, fari a sama, kore mai duhu a ƙasa, koren ya leƙo milimita 6 ta kowane gefe. Ya ba da ɗan abin kafin alƙalami, ya ce kwana biyar, muka rabu a kan haka. Ka san yadda ake yin kwali biyu idan ana so ya fita: ka yanka tagar na sama, wato inda hoton zai leƙo, ka mayar da tsakiyar, ka manna na ƙasa a bayansa bayan ka ɗan rage girmansa, sannan ka yanka taga ta biyu da bakin na saman a jikin majingina, wato sandar gefe da ke ƙayyade faɗin gefen. Baki ɗaya ne ke jagorantar yanka biyun, don haka ba su da hanyar saɓawa. Na san wannan sarai. Amma na ga yawan aikin, na ce bari in yanka fararen duka yau, korayen duka gobe, in haɗa su daga baya.

Fararen suka fito kamar an zana su. Da dare wanda muke aiki tare ya ɗaga injin zai share teburin, hannun sukwayar, wato sandar da ake jingina kwali don yanka ya fita a digiri 90, ya bugi bango. Bai faɗa mini ba, wai bai ga wata ɓarna ba. Gari na wayewa na ɗauko manyan kwalayen kore, masu faɗin inci 32 da tsawon inci 40, na rarraba su a kan wannan hannun da ya riga ya goce daga digiri 90. Gocewar ba ta kai a gani da ido ba. Ban gwada ko ɗaya ba. Na yanka taga 36, ina jera su ruf da ciki, ina jin daɗin saurina.

Sai da yamma na ɗora fari na farko a kan kore. Sama da ƙasa lafiya lau. Amma a dama, koren ya fara da milimita 6 ya ƙare da 4, a hagu kuma ya fara da 6 ya ƙare da 8. Na ɗan murɗa shi, dama da hagu suka daidaita, sama da ƙasa suka karkace. Na ɗauko na biyu, haka. Na goma, haka. Har yau ina tuna yadda gumi ya keto mini, hannuna na rawa a kan tarin kwalayen. Kwalin da ba sukwaya ba, tagarsa ma ba za ta zama sukwaya ba, tunda bakinsa take bi. Kuma milimita biyu da ke ɓacewa a faffaɗan gefe, a siririn layin kore mai duhu kusa da fari ihu suke yi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ban ɓoye wa mutumin ba. Na kira shi na nuna masa, na ce laifina ne, zan sayi sabon kwali da kuɗina in sake, ya ƙara mini kwana ɗaya. Ya yi murmushi ya ce ba komai, ai ɗan Adam ajizi ne. Dare biyu ban runtsa ba. Na sake korayen nan 36 ta hanyar da ta dace, ɗaya bayan ɗaya, na goge gilasai, na rufe bayansu, aiki ya fito tsaf. Ya zo da mota ya kwashe, ya ce gobe zai aiko da cikon kuɗi. Da goben ta yi sai magana ta juya: wai na saɓa alkawari, jinkirin kwana ɗaya ya zubar masa da mutunci, rabin cikon zai bayar. Kwanan da shi da bakinsa ya ce ba komai! Rabin ma sai da na yi wata uku ina sintiri kafin ya fito da shi, sauran har yau shiru. Daga baya na shiga zauren nan da ƙafata, na ga aikina reras a bango, mutane na tsayawa suna yabawa, na kuma samu labarin cewa shi an biya shi kuɗinsa cif tun kafin a rataya. Kuskuren kwali nawa ne, na ɗauka, na biya. Amma abin da ya yi mini cin amana ne, kuma ban yafe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni na tsaga masa bangon da hannuna, wannan ne ke ci mini rai in na tuna.

To ka ji dalilin da ya sa nake faɗa in na ga yaro ya ɗora kwali a inji bai gwada komai ba. Gwajin sukwayar bai kai minti biyu ba. Ka jingina guntun kwali mai miƙaƙƙen baki a hannun sukwayar, ka raba shi biyu, ka kifar da ɓari ɗaya, ka haɗa bakunan da ka yanka alhali duka biyun na jingine a hannun. In sun haɗu babu haske a tsakani, lafiya. In an samu giɓi, giɓin ninki biyu ne na gocewar, don haka rabinsa za ka gyara. Kowane kwali da ka rage, ka auna shi daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, awon ya zo ɗaya. Kada ka yarda da bakin kamfani don ka ga sabo ne fil, na sha cin karo da wanda ya zo a karkace. Majinginar gefe ita ma tana gocewa: ka saka siririn kwali, ka ɗan tsaga a can sama, ka gangaro da shi ka tsaga a ƙasa, tsagogin su faɗa layi ɗaya. In tsakiyar dogon yanka ne ke yin ciki, ko teburinka ba shafaffe ba ne, ko kana danne sandar da ƙarfin da ya wuce kima.

Rezar ma na san halinku, kuna maƙo da ita kamar zinariya. Reza ɗaya ba ta kai darajar kwalin da za ta yaga ba. Da ka ji ta fara ja, ko ka ga bakin ya yi gashi-gashi, cire ta. In aikin mai tsada ne ni sabuwa nake sawa ga kowace taga, kwali mai falle takwas kuwa ba na kusantarsa sai da reza mai kauri, mai kaifi ta fuska ɗaya. Sandar ka goge ta da tsumma, kada ka malala mata mai, ƙurar kwali zai tara ya kuma ɓata maka farin kwali.

Gobe ka zo da kwalayen da ka ɓata, duka, kada ka ɓoye ko ɗaya don kunya. Ka haɗo da shimfiɗar da kake yanka a kai da rezar da ke jikin injin yanzu, yadda take, ba tare da ka taɓa zurfinta ba. Kafin ka iso ka yi gwajin sukwayar nan sau biyu, ka rubuto mini milimita nawa giɓin ya ba ka.