Wuƙar aljihu mai tsada: in zuba jarina ko in haƙura?

Wani ɗan'uwa mai shagon agoguna da tocila da ƴan kayan maza ya turo min tambaya. Ya ce: "Malam, wani dillali ya kawo min wuƙaƙen aljihu masu ninkewa guda 40, an rubuta Sebenza a kwalin, ya ce in biya dubu 35 kowacce wai a waje kuɗinsu ya ninka haka sau goma. Sun min kyau sosai. In saye ne?"

To Alhaji, amsa a taƙaice kar ka biya tukuna. Amma bari in gaya maka dalili, don ni kaina ina son wuƙar nan ba kaɗan ba.

Sebenza ta gaske kamfanin Chris Reeve ne ke yinta a garin Boise, jihar Idaho ta Amurka. Shi mutumin ɗan Afirka ta Kudu ne, ya koma Amurka a 1989, kuma sunan Sebenza ma daga yaren Zulu ya ɗauko shi, ma'anarsa aiki. Sabuwa a hannun dila ta haura dala 400. Ka buga wannan da canjin yau, ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, sai ka tambayi kanka waye zai yi asarar da ta kai haka don kawai ya kawo maka ita dubu 35. Kusan tabbas jabu ce, irin waɗanda ake kwaikwayo a Chana.

Na taɓa riƙe orijinal a hannun wani abokina, kuma abin da ya fara kama ni shi ne ba ta da wani ƙyale-ƙyale, ƙotar toka-toka ce kawai, falle biyu na ƙarfen taitaniyam, ba nauyi kuma ba ya tsatsa. Sai da na tura ruwan wuƙar da babban yatsa na gane inda kuɗin ya tafi. Tana buɗewa a hankali sumul kamar ƙofar mota mai tsada, ba sassauci ba cijewa, in ta kai ƙarshe kaji ƙas, wani ɓangare na ƙotar da kanta ya shigo ya tokare ruwan ta baya. Wannan makullin Reeve ne ya fito da shi, yanzu kamfanoni da yawa sun ɗauka. Na girgiza ruwan hagu da dama, ko motsi. Na rufe na leƙa ta sama, tsinin yana zaune daidai tsakiyar ƙota, bai karkata ya goga gefe ba. A wajen mahaɗar akwai wasu ƴan faifan tagulla masu huda-huda da ke riƙe giris, su ne ke ba da santsin nan, kuma kamfanin har makullin kwance noti da giris yake sakowa a kwali, tare da kati mai ɗauke da ranar da aka ƙera ta, wato sun yarda ka kwance ka wanke ka mayar da kanka.

Sai ƙarfen ruwan. A da wani nau'in ƙarfe mai suna S35VN ake sawa, daga baya aka koma S45VN da MagnaCut. Ƙarfe ne da ke daɗewa bai dakushe ba, amma fa wasa shi sai da haƙuri da dutse mai kyau, kar a kai wa mai injin wasa na bakin kasuwa, zafin injin zai iya ƙona bakin ya kashe kaifin. Nan ne jabu ke cutar mutane, don rubuta S35VN a jikin wuƙa ba wuya, kuma ido ba ya gane ƙarfe, sai an yi wata guda ana yankan kwali da igiya sannan gaskiya ta fito.

In dillalin ya dawo ka ɗauki guda biyar daga cikin kwalin da hannunka, ba wadda shi ya zaɓo maka ba. Ka buɗe, ka girgiza, ka rufe ka duba tsakiya, ka kalli kan notocin ko sun ci. In biyar ɗin ba su zo iri ɗaya ba magana ta ƙare. Ko sun zo ɗaya ma ka nemi rasit na dilan da ya saya a wajensa.

Yanzu maganar kuɗi. 40 sau dubu 35 miliyan 1 da dubu 400 kenan, a kan kayan da masu sayensa ƙalilan ne. Wanda ya san Sebenza zai gane jabu cikin minti ɗaya, wanda bai santa ba kuma zai ce wuƙar dubu nawa? ya wuce wajen maƙera. Kar kuma ka sa ran lokacin layya zai kwashe maka su, ba wuƙar yanka ba ce, mai rago doguwa mai kube yake nema. Kwantai za ka yi. In kuwa ka sayar wa mutum da sunan orijinal, algus ne, kuma kwastoman agogon naka ma ka rasa shi.

In harkar ta shiga ranka, fara da ƙanana masu suna na gaske. Victorinox na Suwizalan, wanda yake tun 1884, mai jar ƙota da almakashi da sukudireba a ciki, ko Opinel na Faransa mai ƙotar katako da zoben da ake murɗawa ya kulle, shi kamfanin tun 1890 yake. Kuɗinsu da sauƙi, ɗauki goma ka ga yadda za su tafi. Masu tsadar kuma sai da oda, mutum ya ba da kafin alƙalami ko rabin kuɗi sannan ka sayo daga dilan da kamfanin ya amince da shi, ka ɗora ladanka.

Kuma ka ajiye su cikin gilas a kulle, ka san wanda kake sayar wa. Da yadda ƙwacen waya da faɗan daba suka yi yawa a garuruwanmu, bana son a kama yaro da wuƙa a ce daga shagonka ta fito. In za ka taho da su ta jirgi kuma a babbar jaka za ka sa, ta hannu za a ƙwace a wajen bincike.