Sikeli ya sauka, sakamakon gwaji bai sauka ba

Hajiya, kin tambaya me ya sa likita ya nace sai kin motsa jiki, alhali kin rage ci amma suga da kitsen jini sun ƙi sauka. Ni ma na yi wannan ƙorafin lokacin da aka ce ina da ciwon suga da kitse a hanta. Na matse bakina wata da watanni, sikeli ya sauka, sakamakon gwaji kuwa yana nan jiya i yau. Ashe tsoka nake zubarwa. Hannun riga ya yi mini yawa, tumbi ko gezau.

Tsoka ita ce murhun jiki. Ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin mutum, kuma ita ke kwashe mafi yawan sugan da insulin ke fitarwa daga jini. A ƙananan hanyoyin jininta akwai wani sinadari da ke fasa maiƙon da ke yawo, ta janye shi ciki, mitokondiriya, wato 'yan injinan samar da ƙarfi da ke cikin ƙwayar tsoka, su ƙone shi. In mutum ya wuni a zaune, sinadarin nan sai ya yi sanyi. Maiƙon da ya samu shiga bai ƙone ba kuma, sai ya bar guntaye irin su seramayid cikin ƙwayar tsoka, su toshe saƙon insulin. Ya yi ta sallama, ba mai amsawa. Rarar sugan sai hanta ta mai da ita kitse.

Wani abin mamaki, 'yan tseren dogon zango ma tsokarsu cike take da maiƙo, amma insulin na aiki a jikinsu sarai, don kullum ƙonawa suke suna sake zubawa. Kwantawar maiƙon ce illar.

Ni da tsugunna-tashi na fara, ina riƙe da bayan kujera. Ranar farko ko goma ban kai ba cinyoyina suka hau rawa. Na haɗa da tattaki bayan cin abinci, domin tsokar da ke aiki tana jan suga ko insulin bai ce mata komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Kada ki tara su rana guda, amfanin na gushewa cikin kwana biyu zuwa uku.

In allurar insulin kike yi, ki faɗa wa likitanki kafin ki fara, kuma ki auna suga kafin fita, don yana iya faɗuwa ƙasa warwas.