Amsar Anti ga mai tambaya kan makin gwaji kafin NCLEX

Salamu alaikum 'yan guruf. To ƙanwata, na saurari muryarki har ƙarshe, na kuma ga hoton makin 61 da kika turo. Kin ce a bankin tambayoyin da kike bi kina yawo tsakanin 55 da 63 cikin ɗari, jarrabawar NCLEX, wato ta samun lasisin aikin nas a Amurka, saura mako uku, wai kin shirya ko ki ɗaga ranar. Ni fa abin da na ji a muryar nan ba tambayar maki ba ce. So kike wani ya ce miki "ɗaga" ki samu ki yi barci, ko ya ce "je ki" don in abin bai yi daɗi ba a ce ai Anti ce ta ce. Ba za ki samu ko ɗaya a wurina ba. Amma zan gaya miki yadda ake karanta makin nan, don yadda kike karanta shi ne ke tayar miki da hankali.

Kin taso da tunanin makaranta, inda ake cewa 50 an ci, 70 an yi zarra. Wannan jarrabawar ba haka aka gina ta ba, ko kusa. Hukumar NCSBN da ke shirya ta a Amurka ta mayar da ita kan kwamfuta tun 1994, kuma kwamfutar bin ki take yi. Kin amsa daidai, ta sake auna ki, ta kawo wadda ta fi wuya. Kin faɗi, ta ɗan sassauta. Kullum nema take ta ba ki tambayar da damar cinki da ta faɗuwarki suka zo kusan ɗaya. Ke nan gwana da mai rauni duk za su fito daga ɗakin suna jin kamar rabin tambayoyin sun kuɓuce musu. Bambancin shi ne a wane mataki kowace take yin wannan faɗi-tashin. Akwai layi guda da aka shata, kwamfutar tana son ta tabbatar, tabbacin kashi 95 cikin ɗari, cewa kina samansa ko kina ƙasansa. Da ta tabbatar sai ta rufe. Mafi ƙarancin tambayoyi 75 ne... af, a'a, wancan tsohon tsari ne, bakina ya saba. Tun ranar 1 ga Afrilu 2023 da aka kawo sabon tsarin, 85 ne mafi ƙaranci, 150 mafi yawa, awa biyar har da hutu a ciki. A cikinsu akwai 15 da ba a ba su maki, gwada su ake yi don masu zuwa, ba kuwa za ki san waɗanne ba ne. To a ina 61 ɗinki ya shigo cikin wannan lissafin? Babu inda ya shigo kai tsaye.

Ba cewa nake makin gwaji banza ne ba, kar wata ta ɗauki rabin maganata ta tafi da ita. Ke nas ce. Majinyaci ya shigo yana haki, kin auna jininsa sau ɗaya kin ga ya hau, za ki rubuta masa hawan jini? Sai kin bari ya huta, kin duba ko abin awon ya dace da hannunsa, kin maimaita a wata ranar. Makin gwaji ma haka yake. Kafin lambar ta yi ma'ana sai an san yadda aka same ta.

Shi ya sa tambayata gare ki ita ce, 61 ɗin nan a kan sababbin tambayoyi kika same shi, ko a kan waɗanda kika taɓa gani? Domin a nan ne nake da tsohon haushi, kuma yau sai na faɗa. Masu turo hoton 84, 88 cikin guruf da tsakar dare, ana ta jera musu tafi. Wallahi yawancin irin wannan makin na wanda ya gama banki ne ya sake shi daga farko. Akwai wata 'yar ajinmu, ba zan kama suna ba, ba ta ma cikin nan. Ta bi banki ɗaya har ta haddace shi, tana ganin layin farko na tambaya sai ta ce "ta uku ce". Mu da muke fama da hamsin da wani abu har kunyar faɗar makinmu muke yi a gabanta. Ba ta wuce ba a zaman farko. Ba don ba ta da kai ba, tana da shi fiye da yawancinmu. Wurin da amsar take zaune ta haddace, dalilin bai shiga ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne waɗanda hoton makinta ya sa suka ɗaga ranarsu suna ganin ba su kai ba, alhali sun kai.

Bari in ba ki misalin da nake gwada kowa da shi. Dattijo ne mai ciwon zuciya, yana kan digoxin, maganin zuciya, da furosemide, maganin da ke sa fitsari. Kin shigo da safe za ki ba da magani, ya ce miki zuciyarsa na tashi, bai iya cin komai ba tun jiya, kuma fitilar ɗakin yana ganinta da wani rawaya-rawaya a kewaye. Kin sa abin saurare a ƙirjinsa minti guda cur, bugu 54. Sakamakon jini ya nuna sinadarin fotasiyam 3.1. Me za ki fara yi? Kowa a guruf ɗin nan zai ce a riƙe digoxin, a sanar da likita. Madalla. Amma me ya sa? Furosemide yana zubar da fotasiyam ta fitsari, in fotasiyam ya sauka ƙasa da 3.5 digoxin ya fi kama zuciya, sai ya zama guba ko da adadin da ake ba shi bai canza ba. Tashin zuciyar, da rawayan gani, da bugun da ya sauka ƙasa da 60, duk labari ɗaya suke ba ki. Yanzu in juya miki ita. Dattijon nan dai, amma spironolactone yake sha, wani maganin sa fitsari daban, fotasiyam 5.9, likita kuma ya rubuta ƙarin fotasiyam tun kafin sakamakon ya fito. Wadda ta haddace "ta uku ce" ta ɓata a nan. Wadda ta san spironolactone riƙe fotasiyam yake yi, ta san ba za ta ba da ƙarin nan ba sai ta koma wurin likita. Kuma tunda an zo kan fotasiyam, don Allah, ba a tura shi kai tsaye cikin jijiya da sirinji. Ba a yi. Sai an surka shi cikin ruwan ƙari, a sa a famfo ya riƙa shiga a hankali, ana duban zuciya da fitsari. Duk amsar da ta ce a tura shi nan take, soke ta tun kafin ki karanta sauran. Wannan kam ko ba jarrabawa, rai ne. Ina nake ma?

Yauwa, batun maki. Akwai wani abu kuma da ke sa lambobin da kuke gwadawa da juna ba sa haɗuwa. A sabon tsarin, tambayar nan ta "zaɓi duk waɗanda suka dace" ana ba da makin ɓangare. Kowace daidai da kika zaɓa maki ɗaya, kowace kuskure a cire ɗaya, amma ba ya sauka ƙasa da sifili. Ki duba bankinki, haka yake lissafi ko kuwa sai kin ci duka yake ba ki? In naki mai tsauri ne, na ƙawarki mai rabawa ne, 58 ɗinki zai iya fin 68 ɗinta. Wani bankin ma da gangan yake tsananta tambayoyinsa. Abin da ya fi amfani a allon nan shi ne matsakaicin makin sauran masu bin bankin, in yana nunawa. Kina samansa a kai a kai, a kan sababbin tambayoyi? To wannan magana ce. Kuma mako biyun da suka wuce, hawa kike ko kina nan inda kike?

Ga abin da nake so ki yi, kuma ba a kan gado da waya ba. Ki zauna a tebur da kwamfuta, a daidai lokacin da za ki shiga ainihin jarrabawar. Tambayoyi 85 sababbi fil, a gauraye, ba wai yau haihuwa gobe ƙwaƙwalwa ba. In kin zaɓi darasi ɗaya ai kin riga kin san rabin amsar tun kafin ki karanta. Ki kunna agogo, ki kashe bayanin amsa har sai kin gama, kada ki koma baya, domin can in kin danna gaba an wuce wurin ke nan. Ki tabbatar akwai dogayen labaran majinyata da ake biyo su da tambayoyi a ciki, don guda uku za ki tarar a ainihin jarrabawar, kowanne da tambaya shida, 18 ke nan, kuma su ne ke cin ƙarfi. Wata ranar ki ja zaman har 150, ki ga yadda kanki yake bayan awa uku. Mutane da yawa ilimi bai gaza musu ba, gajiya ce ke kama su a tambaya ta ɗari da wani abu su fara dannawa don a gama.

Bayan nan ne aikin yake. Ki ɗauki takarda, duk wadda kika faɗi ki rubuta dalili a gefenta da kalmominki. Ban san abin ba sam. Ko na sani amma ban ga an ce "wanne ne ke nuna majinyaci yana buƙatar ƙarin bayani" ba, na zaɓi maganar da take daidai alhali kuskuren ake nema. Ko na zaɓi daidai na canza. Sannan waɗanda kika ci da canki-canka, ki sa su cikin waɗanda kika faɗi, kada ki yaudari kanki. In yawancin kurakuranki na rashin natsuwa ne wajen karatu, mako uku ya isa har da saura. In kuwa kin ga shafi guda cike da "ban san maganin nan ba", "ban taɓa jin wannan ba", to wannan ramin ilimi ne, a nan ne maganar ɗagawa take da hujja.

Ki duba kuma a wane fanni suke taruwa. A jadawalin 2023, tafiyar da kula da majinyata, wato wa za ki fara gani, me za ki ba mataimaki, shi ne ya fi kowanne kaso, 15 zuwa 21 cikin ɗari. Magunguna da ƙarin ruwa 13 zuwa 19. Wanda ya daɗe yana aiki a nan yake tuntuɓe, domin yana amsawa da abin da ya saba yi in an yi ƙarancin hannu. A cikin jarrabawa kina da isassun ma'aikata, kayan aiki na nan, likita yana ɗaga waya. Ba kya ba mataimaki duba majinyaci na farko, ba kya ba shi koyarwa, ba kya ba shi tantance ko magani ya yi aiki. Majinyacin da yanayinsa ke canzawa naki ne. Su kuma lambobin gwajin jini da kuke kwana haddacewa, yanzu ana sa iyakar daidai a gefen sakamakon. Ki san manyan dai, amma abin da ake tambaya shi ne me za ki yi da lambar.

Sai batun ranar. Kafin ki ce za ki ɗaga, buɗe takardar izinin zaman nan taki ki ga ranar da za ta ƙare, yawanci kwana 90 ne, kuma ba a ƙara wa'adinta. In za ki canza a shafin Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da zaman jarrabawar, kada ki bari sai awa 24 na ƙarshe sun shiga. Kuma in kin ɗaga, ki ɗaga da abin da za ki yi a cikin kwanakin, a rubuce. Ɗagawa don tsoro kawai, wata guda zai zo ki dawo nan da 62 ki sake yi mana wannan tambayar. Ko da abin bai yi ba, Allah ya kiyaye, kwana 45 ake jira, kuma ana turo rahoto da ke nuna a kowane fanni kina sama da layi, kusa da shi ko ƙasa.

Af, kafin in manta, wadda ta rubuto ɗazu wai in kwamfuta ta rufe a 85 an ci. Ba haka ba ne. Rufewa a 85 tana nufin ta tabbatar da wuri, kuma tabbacin zai iya zama ta kowane ɓangare. Wanda ya kai 150 ma yana kusa da layi ne, ana ci a can sosai. Ku daina ƙirga lambar tambaya kuna cikin ɗakin.

Ke kuma ƙanwata, kada ki sake turo min hoton kaso. Ki yi zama biyu irin wanda na faɗa kafin ƙarshen mako, ki ɗauko hoton takardar dalilan nan ki turo min ta gefe, sannan mu yi maganar ranar. Muryar ta yi tsawo, ku yi haƙuri.