Tambaya da Amsa: Sabon rauta a kan tsohon tebur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohon teburin rauta (injin fafe katako da yi wa gefensa ado) mai farantin alminiyom, injinsa na asali ya ƙone. Na samu sabon inji, amma ramukan sukurun farantin huɗu ne, na injin kuma uku, babu wanda ya hau kan wani. In huda gindin injin ne, ko in haƙura da teburin? (Daga wani kafinta)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa injin, kada kuma ka jingine teburin. Farantin ake hudawa. Kamfanoni ba su taɓa haɗuwa a kan tsarin ramuka ɗaya ba. Tsarin ramuka uku na injin Porter-Cable 690 shi ya fi yaɗuwa, har wasu suka riƙa bin sa, amma da yawa kowa nasa yake yi, shi ya sa tsohon faranti da sabon inji ba kasafai suke jituwa ba.

Abin awon da za ka yi aiki da shi yana jikin injin. Juya shi, za ka ga baƙin faifan roba da aka ɗaure a gindinsa, wanda yake gogar katako. Kwance shi, ramukansa su ne ramukan da kake nema. Amma kafin ka sa alama ko ɗaya, kifa farantin, ka ɗora injin a kai, ka yi ta juya shi har ka ga inda makunni, da abin rage gudu, da mariƙin ɗaure tsawo suke fuskantar gaban tebur inda hannunka zai kai. Ka tabbata hannayen injin ba za su tokari ƙafar tebur ba, kuma za su wuce ta ramin tebur idan ka ɗago faranti. Idan sun yi faɗi, a yawancin injuna kwance su ake yi. A wannan juyin ne kuma za ka kauce wa tsofaffin ramuka: bar aƙalla milimita 10 tsakanin sabon rami da tsoho, don kada su haɗe su zama tsaga.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne fuskar faifan. A tebur, kife injin yake, saboda haka idan ka ɗora faifan a saman faranti, fuskar da take gogar katako, mai ƙarce-ƙarcen nan, ita za ta kalli sama. Idan ka ɗora shi a birkice, ramukan za su fito kamar hoto a madubi, kuma sai ka gama hudawa za ka gane. Manna ɗan salatif a gefen faifan da gefen injin, ka ja layi ɗaya a kansu tun kafin ka kwance, ka huta da kokwanto.

Sai tsakiya. Kada ka dogara da jan layi daga kusurwa zuwa kusurwar faranti, domin ba kowane faranti ne raminsa yake a tsakiyarsa ba. Tsakiyar ramin kake nema. Yanko guntun katako ya shige ramin farantin cif, ka huda tsakiyarsa daidai kaurin sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, ka yi wa ramin faifan irin wannan toshi, sannan ka zura sandar ta ratsa su duka biyu. Gaskiya kuskuren milimita ɗaya ba ya hana aiki idan da madogarar tebur (shingen da katako yake jingina da shi) kake yanka, tunda daga bakin rauta, wato ƙarfen da yake yanka, ake auna ta. Inda yake cizo shi ne lokacin da ka sa ƙaramin zobe na rage faɗin rami a ramin: baki zai ci gefen zoben.

Matse faifan da faranti kada su motsa. Sa tsinin ƙarfe ka buga ɗigo a tsakiyar kowane rami, ka fara da siririn bakin huji na milimita 2 ko 3, sannan ka faɗaɗa. Sukurun M4, wato mai kaurin milimita 4, yana son ramin milimita 4.5, M5 kuma 5.5, M6 6.5. Wannan ɗan sararin shi zai ba ka damar gyara tsakiya kafin ɗaurin ƙarshe. Bayan nan ka fafe bakin kowane rami ta sama, yadda kan sukuru zai nutse ƙasa da fuskar faranti da kamar rabin milimita. Shafa da yatsa: in ka ji tudu, katako ma zai ji shi. Kan sukuru na awon milimita kusurwarsa digiri 90 ce, na awon inci kuma 82, don haka ka fafe da wanda ya dace, in ba haka ba kan zai zauna a kan gefe kawai, girgiza ta sassauta shi.

Sukurun da suka zo da faifan roba gajeru ne, ba za su isa ba. Tafi da guda ɗaya a hannu ka nemo irinsa mai tsawo, wanda zai ratsa faranti ya shiga gindin injin aƙalla milimita 6 zuwa 8. Kula da tiredi. Injunan Amurka da yawa sukurun awon inci mai lamba 10-24 suke ɗauka, wanda a ido kamar M5 yake, amma haƙoransa sun fi tazara. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in ka matsa masa da ƙarfi ya cinye tiredin gindin, wanda alminiyom ne mai laushi. Gwada da yatsu tukuna. Sukurun da bai shiga da yatsu ba, ba nasa ba ne. Kada kuma tsawon ya wuce kima, domin idan ya taɓo ƙarshen rami za ka ji ya ɗauru alhali injin yana lilo.

Idan tsohon farantin ya zama rariya saboda yawan huji, ko ya lanƙwashe, yanko sabo daga alminiyom mai kaurin milimita 6 ko fenolik (wani irin roba mai tauri) mai 9 zuwa 10. Auna ramin teburinka kafin ka sayi na kanti: akwai mai inci 9¼ da 11¾, akwai mai 8¼ da 11¾, lanƙwasar kusurwoyinsu ma ba ɗaya ba ce.

Tambaya: Teburina ba shi da faranti, katako ne mai kaurin milimita 30. Na ɗaura injin a ƙasa, amma baki da ƙyar yake leƙowa. In ɗan zaro ƙotar bakin daga kolet, wato abin da yake damƙe ta a jikin injin? (Daga wani mai karatu)

Amsa: A'a, ɗan'uwa, wannan hanya ce ta rauni. Aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙota ya kamata ya kasance cikin kolet. Tura ta har ƙasa, ka ɗago da milimita 2 ko 3, ka ɗaure. Ƙotar da aka riƙe a ƙarshenta tana karkarwa, tana iya lanƙwashewa ko ta fice injin yana gudu.

Kaurin teburin ne ya cinye maka tsawo. Kifa shi, ka zana zagayen gindin injin, ka rarake wurin da rautan kansa, milimita 3 zuwa 4 a kowane zagaye, har kaurin da ya rage ya zama milimita 10 zuwa 12. Idan teburin MDF ne, wato allon garin katako da aka matse, abin da ya rage ba zai daɗe yana ɗauke da inji mai nauyi ba, gara ka buɗe rami ka sa faranti. In kuma injin mai nutsewa ne a kan sanduna biyu, sifirin ɗinsa yana faɗa da kai duk sanda kake ɗaga shi, tunda yanzu shi da nauyin injin gefe ɗaya suke turawa. Wasu, irin na kamfanin Triton, an yi su ne yadda za a zare sifirin cikin sauƙi. Duba littafin naka kafin ka buɗe, kuma ka riƙe murfin da kyau, sifirin a matse yake.

Tambaya: Na gama ɗaurawa, amma katako yana tuntuɓe a bakin faranti, kuma zurfin yanka yana canzawa a dogon katako. (Daga wata mai koyon kafinta)

Amsa: Malama, cuta biyu ce. Ta farko, faranti bai yi daidai da fuskar tebur ba. Sa sukuru a kusurwoyi huɗu na dandamalin da yake zaune a kai, ki riƙa murɗawa kina goga guntun katako a kan mahaɗar ta kowane gefe har ki daina jin ƙas. Ta biyu, tsohon tebur ya lotsa a tsakiya saboda shekarun da ya yi yana rataye da inji. Ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan gefenta, ki haska tocila ta baya. Inda haske ya ɓullo, nan ne kwarin. Gajeren katako yana bin kwarin ya sauka, dogo kuwa yana yin gada a kansa, shi ya sa zurfin yake bambanta. Ɗaura ƙarafa guda biyu masu kwana (masu siffar L) a ƙasan tebur, ɗaya gaban injin ɗaya bayansa, ki cusa siraran washa tsakanin ƙarfen da tebur a inda ya lotsa har hasken ya ɓace.

Tambaya: Tsohon teburin yana da nasa makunni da akwatin rage gudu. Zan iya jona sabon injin a ciki? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Makunnin, e, idan amfiyar da aka rubuta a jikinsa ta kai ta injin. Akwatin rage gudu kuwa cire shi, muddin sabon injin yana da nasa abin rage gudu ko yana tashi a hankali, domin na'urorin biyu ba sa shiri, na cikin injin yana iya ƙonewa. Duba allon jikin injin kuma: wanda aka yi don wuta mai bolt 120 ba ya ɗaukar 230.

Ka gwada makunnin: kunna, zare fulogi, mayar. Idan injin ya tashi da kansa, canza shi da irin wanda yake sakin kansa idan wuta ta yanke. Wasu sababbin injuna suna da wannan kariyar a cikinsu, sai ka ga sun ƙi tashi daga makunnin tebur. Ba lalacewa ba ce.

Gudun kuma ya bi girman baki. Mai faɗin milimita 25 zuwa ƙasa yana ɗaukar juyi 24,000 a minti, mai 50 kamar 18,000, mai 75 zuwa 89 kada ya wuce 12,000, sai dai in abin da aka rubuta a kwalinsa ya gaza haka. Gefen baki mai milimita 89 a juyi 24,000 yana gudun kusan kilomita 400 a awa. Kafin ka kunna, juya bakin da hannu, fulogi a zare, ka ga akwai sararin kamar milimita 3 tsakaninsa da zobe. Tsofaffin bakunanka ma ka auna ƙotarsu: milimita 6 ba rubu'in inci ba ce, wanda yake 6.35, haka 12 ba 12.7 ba ce, kowace da kolet ɗinta. Da yake injin a kife yake, bakin yana juyawa saɓanin hannun agogo idan ka dube shi ta sama, don haka daga dama zuwa hagu za ka tura katako, kuma kada ya ratsa tsakanin baki da madogara, fizge shi zai yi daga hannunka.