Rabuwa a Ingila ba sai lauyoyi sun cinye gidan ba

Wata 'yar'uwa daga Birmingham ta turo tambaya, ta ce zama ya ƙi, iyaye sun yi sulhu har sun gaji, ga yara biyu ga gidan mogej, wato wanda aka saya da bashin banki, ga fili a Kano, ƙawaye kuma sai zuga ta suke ta maka shi a kotu. Tana so ta san ko akwai hanyar da ba za ta cinye musu kuɗi ba.

'Yar'uwa Allah ya zaɓa muku mafi alheri. Akwai hanya. Takardar sakin ita kanta ba ita ke cin kuɗi ba, tun Afrilun 2022 ba sai an ɗora wa wani laifi ba a Ingila, kuna ma iya cike fom ɗin tare a intanet, kuɗin kotu wajen fam 600 ne, a jira sati 20 sannan a ƙara sati 6. Inda kuɗi ke zurarewa wajen rigimar dukiya ne da yara, domin lauya da awa yake caji, wasiƙar da zai rubuta wa lauyan mijinki kuɗi, amsar da za ta dawo ya karanta kuɗi, wayar da kika yi masa kina kuka ita ma kuɗi, ga barista ranar zaman kotu, kuma shari'ar tana iya haura shekara.

A tsarin sasanci da suke kira kolaboretif kowa zai ɗauki lauyansa, amma ku huɗu za ku zauna a teburi ɗaya, abin da wasiƙu za su yi wata suna ja sai a kashe shi a zama guda. Idan gida za a yi wa kima mutum ɗaya za ku ɗauka ku raba kuɗinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne tun farko ana sa hannu cewa in magana ta watse aka tafi kotu lauyoyin nan biyu dole su janye, to kinga ba su da riba a rura wuta. Amma nan ne haɗarin ma, in ta watse ɗin sabon lauya za ki nema ki biya daga farko, don haka in kin san mijinki ba mai tsayawa kan magana ba ne ki yi tunani sosai. Ki duba shafin ƙungiyar Resolution, su ke horar da irin waɗannan lauyoyin. In aljihu bai kai ba akwai mai shiga tsakani, ya fi araha.

Filin Kano ɗin nan dole a bayyana shi, ko naki ne ko nasa, kar wani ya ce ai Bature ba zai gani ba, ɓoye dukiya na iya sa a rushe yarjejeniyar daga baya. Kuma duk abin da kuka amince a kai wa alƙali ya sa hannu, maganar baki gaban kawu ko liman ba ta ɗaure kowa a dokar can. Haka saki da baki a cikin Ingila, ya warware ta fuskar addini amma a wajen hukuma kina nan matarsa.

In akwai duka ko barazana kar ki zauna teburi da shi, ki nemi lauyan da gwamnati ke biya wa waɗanda aka ci zarafinsu. In kuma bizarki a kan tasa take, ki ga lauyan shige da fice kafin ki sa hannu a komai, saboda dole a sanar da Home Office, ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, cewa kun rabu.